ZANGO A DAJI DA BAKIN HANYA: HAƘƘIN MATAFIYI DA NAUYIN DA KE KANSA

Gabatarwa

Da zarar kaka ta yi, manoma suka kawar da amfanin gona, duk wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Kwangila, ya ratsa Samaru ya nufi Shika, zai ga bukkokin Fulani makiyaya sun ɓullo a gonakin da aka girbe. Idan kuwa dare ya yi, a kan hanyar Kano ko ta Kaduna zai tarar da tireloli da tankoki sun jeru a gefen titi, direbobi da yaransu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motoci. Akwai kuma 'yan ci-rani masu kwana a tasha ko a rumfunan kasuwa, ga ɗalibai da 'yan sikawut da kan kafa tantuna a bayan gari domin nazari ko horo. Duk waɗannan mutane abu ɗaya suke yi, wato ya da zango a wurin da ba gidansu ba.

Wannan darasi zai duba matsayin irin wannan zango a doka. Shin mutum yana da damar kwana a duk inda dare ya yi masa? Wa ya kamata ya tambaya? Me zai biyo baya idan wutarsa ta cinye gonar wani, ko motarsa ta jawo haɗari? Za a kuma bayyana dalilan kimiyya da suka sa aka kafa wasu daga cikin dokokin, domin wanda ya san dalilin doka ya fi saurin kiyaye ta.

Zango a Tarihin Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Zazzau su nufi Gwanja fataucin goro, tafiyar da kan ɗauki watanni. Madugu ne shugaban ayari, shi ke zaɓen wurin da za a sauka, kuma ba ya sauka a ƙasar wani sarki sai ya aika an gaida sarkin, an kuma biya abin da al'ada ta tanada. A madadin haka, sarkin gari ya nuna musu fili kusa da ruwa, ya kuma ɗauki nauyin tsaronsu. Wasu zangunan sun daɗe har suka zama garuruwa, kamar Zangon Katab a kudancin Jihar Kaduna. A ƙasar Gana, har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara sunan zango suke amsawa.

Ita kanta Sabon Garin Zariya masauki ce tun asali. Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai Turawan mulki suka keɓe fili a wajen ganuwa domin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa baƙi. Samaru kuwa ta bunƙasa ne saboda tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A yau Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari.

Shari'ar Musulunci ma ta yi tanadi a kan wannan. Matafiyin da guzurinsa ya ƙare yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. An hana sauka a tsakiyar hanya da dare, an kuma hana biyan buƙata a kan turba, ko a inuwar da mutane ke hutawa, ko a mashaya. Shugaba yana da ikon keɓe hurumi domin kiwon dabbobin jama'a. Saboda haka tun da can abubuwa biyu ke tafiya tare, mai gari ya karɓi baƙo, shi kuma baƙo ya nemi izini ya kiyaye iyaka.

Wa Ke da Ƙasa?

Mutane da yawa na ɗaukar daji a matsayin fili marar mai shi. A doka babu irin wannan fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta kariya, ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya, ban da filayen da ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta. A Arewa wannan tsari ba baƙo ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da Dokar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk sun bi wannan turba.

Dokar ta 1978 ta raba ƙasa gida biyu. Filayen da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke ba da izinin riƙe su. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke bayarwa bisa al'ada, amma ba za ta bai wa mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Manomin da ya gaji gona daga kakanninsa, ko da ba shi da takarda, doka ta san da riƙonsa. Gonar da aka bari ta huta, wato saura, tana nan a hannun mai ita. Ke nan idan mai zango ya hangi fili babu shuka babu gini, kada ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ya nemi mai unguwa ko dagaci, su ne suka san mai wurin.

'Yancin Wucewa da 'Yancin Sauka

Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga a ko'ina cikin ƙasa da zama a kowane yanki nata. Babu wanda zai hana mutumin Sakkwato ko na Inugu shigowa Sabon Gari don kawai ba haifaffen nan ba ne. Amma wannan 'yanci bai ba shi damar kafa tanti a gonar wani ba, kuma sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin saboda tsaro, ko lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu.

Shiga filin wani ba da izini ba shi ne keta haddi, kuma iri biyu ne. Na farko na ƙarar diyya ne, inda mai fili zai iya kai ƙara kotu ya nemi a fitar da mutum a kuma biya shi, ko da wanda ya shiga bai yi nufin mugunta ba. Na biyu laifi ne da hukuma ke hukuntawa. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, kuma Jihar Kaduna ta sabunta nata a 2017, ya ɗauki mutum mai laifi idan ya shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko muzguna wa mai wurin. Haka nan wanda ya shiga da izini, aka ce ya fita, ya ƙi da irin wannan nufi. Ma'ana izini ba ya dawwama, ranar da mai fili ya janye shi, zama ya ƙare.

Shi ma mai zango doka ta kāre shi. Tun 1989 aka soke laifin nan na gararamba a Nijeriya, don haka ganin mutum a waje da dare kawai bai isa a tuhume shi ba, sai in akwai zargi mai tushe na wani laifi. Wanda aka kama yana da haƙƙin a gaya masa dalili, kuma sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kamar yadda yake a Zariya. Mai fili kuma ba shi da ikon dukan baƙo, ko ƙona masa bukka, ko sare masa dabba. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa, shi ma ya zama mai laifi.

Makiyaya: Ruga da Burtali

Ruwan sama da ake samu a Samaru ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Da rani ciyawa ta bushe, rafuka su ƙafe, dole makiyayi ya bi ruwa da abincin dabba inda suke. A nan ne tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da Bafulatani ta samo asali. Bayan girbi manomi kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa, shanu su ci karan dawa da harawa, su bar masa kashi da fitsari, waɗanda ke mayar wa ƙasa sinadaran naitirojin da fosfaras, su kuma taimaka mata riƙe danshi. Wani lokaci har hatsi manomin kan ƙara masa. Wannan shi ne zango mafi inganci a doka, domin akwai izini, akwai wa'adi, kuma kowa ya amfana.

Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Keɓe Wuraren Kiwo a 1965. An ware wurare sama da 400 a ƙasar nan, irin su Ladduga a yankin Kachiya, amma waɗanda aka tabbatar a jaridar gwamnati ba su kai rabi ba. Burtalai, wato hanyoyin da shanu ke bi tsakanin gonaki, da yawansu an nome su ko an yi gini a kai yayin da jama'a ke ƙaruwa. Noman rani a fadamun Galma da Kubanni ya sa bakin ruwan da dā ake shayar da dabbobi yanzu cike yake da tumatir da albasa. Idan burtali ya toshe, shanu su faɗa gona, daga nan rigima ta tashi.

Nauyi a nan ya hau kan kowa. Wanda ya nome burtali ya ci haƙƙin jama'a, makiyayin da dabbobinsa suka yi ɓarna kuma wajibi ne ya biya. A fiƙihun Malikiyya, ɓarnar da dabba ta yi da dare tana kan mai dabbar, domin shi ya kamata ya killace ta. Akasari mai unguwa da arɗo kan duba ɓarna su yanke diyya, in an kāsa sai a tafi kotu. Makiyayan da ke tsallaka iyaka kuwa, yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1998 ta buƙaci su riƙe takardar shaida mai nuna yawan dabbobi da allurar rigakafinsu da hanyar da za su bi. Dokokin jihohi sun sha bamban, alal misali Jihar Binuwai ta haramta kiwon sake a 2017.

Wuraren da Ba a Sauka Sai da Izinin Hukuma

Yankin Samaru da Sabon Gari cike yake da filayen hukuma waɗanda ke kama da daji. Akwai gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona, da makiyayar Cibiyar Binciken Dabbobi ta Shika, da kewayen madatsar ruwa ta jami'a a kan Kubanni. Gonar gwaji ba kamar sauran gonaki take ba, garken shanu ɗaya ko wutar dare ɗaya na iya rusa binciken iri da aka yi shekaru ana yi. Akwai kuma filayen soja a Basawa, da filin jirgin sama na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirage, da gefen layin dogo wanda mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ne. Duk waɗannan wurare ba a kwana a cikinsu sai da rubutaccen izini.

Gandun daji na gwamnati yana ƙarƙashin dokar gandun daji ta jiha, wadda ta hana sare itace da yin gona da kunna wuta ba da izini ba. Gandunan namun daji na tarayya, kamar na Kamuku a Birnin Gwari wanda ya sami wannan matsayi a 1999, sun fi tsanani, domin shiga kanta sai da izini, balle farauta ko kiwo. Dutsen Kufena, inda ake ganin ragowar ganuwa da kufai na mutanen dā, yana jawo ɗaliban tarihi da na ilmin duwatsu. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. Guntun tukunyar da ɗalibi ya tsinta ya sa a aljihu ya rasa rabin amfaninsa, domin masana na gane shekarun abu ne daga wurin da aka same shi da zurfin da yake kwance.

Kwana a Bakin Titi

Hanyar Kaduna zuwa Kano da ta Zariya zuwa Sakkwato hanyoyin tarayya ne, suna ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyi ta 1971. Hurumin hanya bai tsaya a kwalta ba, ya haɗa da mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, kuma kafa rumfa ko bukka a cikinsa ba da izini ba saɓa doka ne. Kafaɗar titi an yi ta ne don tsayawar gaggawa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon cin tarar wanda ya tare hanya da kuma janye motarsa. Dokokin hanya sun wajabta wa direba ya riƙe alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli, ya ajiye ta nesa da motar da ta lalace. Ganyen da aka saba zubawa a kan titi ba ya mayar da haske, saboda haka da dare ba a ganinsa sai an zo kansa. Duwatsun da aka tokare taya da su kuma, in an bar su a titi, su ne sanadin haɗari na gaba.

Ɗan lissafi zai nuna dalilin wannan tsanani. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, motar ta riga ta ci mita 42. Bayan taka birki, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, tana buƙatar ƙarin kimanin mita 55 kafin ta tsaya. Jimla mita 97 ke nan. Ƙaramar fitilar mota kuwa haskenta bai cika wuce mita 60 ba, kuma ƙurar hunturu na ƙara rage shi. Ke nan lokacin da direba zai hangi bayan tirelar da aka ajiye babu fitila, ya riga ya makara. Har ila yau, nisan birki yana bin murabba'in gudu ne, wato idan gudu ya ninka biyu, nisan birki zai ninka huɗu.

Ba a ce direba kada ya huta ba. Gyangyaɗi a kan sitiyari ya fi kowane zango haɗari, kuma garuruwa irin su Tafa da Mararrabar Jos sun yi suna ne saboda direbobin da ke kwana a can. Abin da ake buƙata shi ne a fitar da mota gaba ɗaya daga kan titi zuwa garejin manyan motoci ko fili mai izini, nesa da kwana da gada da gangare. Kada a hura wuta kusa da tankar mai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma yana iya kama wuta daga nesa. Wanda zai kwanta a ƙarƙashin mota kuma ya tabbata mai riƙe da makulli ya san yana wurin.

Ruwa da Wuta da Shara

Wanda aka bai wa izinin sauka ya ɗauki nauyi uku. Na farko shi ne ruwa. Kashin ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, kuma ruwan farko na damina kan wanke shi zuwa rafuka da rijiyoyi. Ƙwan tsargiya yana fita ne a fitsarin mai cutar, ya shiga dodon koɗi a cikin ruwa, daga nan ya koma jikin mai wanka. Ƙa'idar da ake bi a sansanonin agaji ita ce masai ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi. Inda babu masai, a tona rami kamar taƙi ɗaya, wato kimanin santimita 20, a rufe bayan an gama. Mutanen da ke zaune ƙasa da mai zango a bakin Kubanni, abin da ya zubar shi za su sha.

Na biyu ita ce wuta. Abubuwa uku wuta ke buƙata, makamashi da zafi da iskar oksijin, kuma hunturu na haɗa su wuri ɗaya, ga busasshiyar ciyawa, ga iska mai ƙarfi, ga danshin iska da kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Gobarar daji na cinye abincin dabbobi da dammunan hatsi da ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara ga zaizaya. Dokar kare muhalli ta tarayya ta 2011 ta hana ƙona daji ba da izini ba, kuma ɓarna da wuta laifi ne mai nauyi a kundin laifuffuka. Sai a share ciyawa a kewayen murhu, kada a bar wuta babu mai tsaro, a kuma kashe ta da ruwa ko ƙasa har toka ta huce. Kada sanyi ya sa a shigar da garwashi cikin tanti ko rufaffiyar mota. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, tana hana jini ɗaukar oksijin, mutum ya mutu yana barci.

Na uku ita ce shara. Leda ba ta ruɓewa da wuri, kuma idan saniya ko akuya ta haɗiye ta, sai ta taru a tumbi, dabbar ta rame har ta mutu. Fasasshiyar kwalba da gwangwani na yanka ƙafar manomi, tsohon batir da baƙin mai kuma na gurɓata ƙasa. Duk abin da mutum ya zo da shi, ya koma da shi.

Yadda Abin Yake a Wasu Ƙasashe

A Norwe, dokar 1957 ta yarda kowa ya kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa har kwana biyu ba tare da tambayar mai ita ba, muddin ya bar tazarar mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki. Sikotland ta kafa irin wannan doka a 2003, da sharaɗin a yi amfani da damar cikin kula. A Ingila kuwa sai da izinin mai fili, ban da yankin Dartmoor, inda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jama'a wannan dama a 2025 bayan wani mai fili ya kai ƙara. A maƙwabciyarmu Nijar, dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyaya. Nijeriya ba ta da doka irin ta Norwe. Amma ko a can inda aka sassauta, an hana sauka a cikin shuka da ɓata ruwa da barin shara, waɗanda su ne abubuwan da madugu ke hana ayarinsa tun zamanin fataucin goro.

Idan Makaranta Za Ta Fita Zango

Malamin da ya fita da ɗalibai yana matsayin mahaifi a gare su, kuma idan sakaci ya jawo cuta, ana iya neman diyya daga gare shi da makarantarsa. Halin tsaro ya ƙara wa wannan nauyi. A watan Maris na 2021 an sace ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka kusa da Kaduna, a watan Yuni na shekarar kuma aka kai hari Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya. Saboda haka kafin a fita, a kiyaye waɗannan:

1. A sami rubutaccen izinin shugaban makaranta da na hukumar ilmi da na iyayen kowane ɗalibi.
2. A sami izinin mai fili ko hukumar da ke riƙe da shi, a kuma gaida mai unguwa ko dagaci.
3. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a bi shawararsu. Idan suka ce wurin ba lafiya, a kafa tantuna a harabar makaranta.
4. Malami ya je ya duba wurin da rana tun kafin ranar fita. A guji kwarin rafi ko da ya bushe, domin ruwan da aka yi a nesa na iya kawo ambaliya cikin dare.
5. A tanadi tsabtataccen ruwan sha da gidan sauro da akwatin taimakon gaggawa da motar da za ta kwana a wurin. Kowa ya sa takalmi rufaffe ya riƙe tocila saboda maciji. Wanda maciji ya sara a garzaya da shi asibiti, ban da tsaga ko ɗaurin jijiya.
6. Idan akwai ɗalibai mata, a tafi da malama, a kuma ware musu wurin kwana.

Kammalawa

An ga cewa babu dajin da ba shi da mai shi ko mai kula da shi. Tsarin Mulki ya bai wa ɗan ƙasa 'yancin wucewa, amma sauka sai da izini, kuma izinin yana tafe da nauyin kiyaye ruwa da shuka da hanya da rayukan jama'a. Mai masauki shi ma an ɗora masa nauyin barin burtali a buɗe da kai kukansa ga hukuma. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Raɓa kan sauka da dare ta jiƙa shuka, hantsi na yi ta tashi ba ta ɓata komai ba.

Aikin Nazari

1. Bayyana bambanci tsakanin keta haddi na ƙarar diyya da wanda hukuma ke hukuntawa.
2. Mota na gudun kilomita 50 a awa. Bi hanyar lissafin da ke cikin darasin ka gano nisan da za ta ci kafin ta tsaya, sa'an nan ka kwatanta da na mai gudun kilomita 100.
3. Tare da malaminku, ku tambayi mai unguwarku inda burtalin yankinku ya bi a dā. Ku zana taswirarsa, ku nuna wuraren da ya toshe a yau.